Yadda Za Ka Gano Wuraren Tarihi Da Na Shaƙatawa A Yankinku Da Wayar Hannunka, Ba Tare Da Kuɗin Shiga Ba



Duk hutun Sallah sai ka ga hotunan abokai daga Yankari ko Abuja sun cika Facebook da WhatsApp. Mu da aljihunmu bai kai can ba sai mu yi ta kallo, muna cewa ai garinmu babu wurin zuwa. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru a nan Rogo Ruma, har lokacin da na fara koyon haɗa manhajar da ke aiki da taswira. Ina cikin gwaji ina zuƙo hotunan tauraron ɗan'adam na yankinmu, sai na fara ganin duwatsu, da bakin ruwa, da wasu layuka a cikin gonaki waɗanda ban taɓa lura da su ba ko da na wuce ta gefensu a kan babur.

A yau zan nuna maka yadda ake wannan binciken daki-daki. Zan yi misali da Ƙaraye da Rogo saboda nan na sani, amma hanyar ɗaya ce ko a Katsina kake, ko Zariya, ko Maraɗi.

Mataki na farko: juya taswirarka zuwa hoton sama

Buɗe Google Maps, ka danna ƙaramin maɓallin da ke sama ta hannun dama, mai kama da takardu biyu ɗaya kan ɗaya. Za ka ga zaɓi uku. Taswirar da ka saba gani tituna da sunaye kawai take nunawa, kuma a ƙauyukanmu kusan fili ne fetal. Zaɓi Satellite, wato ainihin hoton ƙasa daga sama. Na ukun, Terrain, shi ke nuna tudu da kwari, kuma da shi ake saurin gano duwatsu.

Kafin ka fara neman abin da ba ka sani ba, horar da idonka da abin da aka sani. Zuƙo birnin Kano, ka bi titin da ya ratsa ta Ƙofar Ɗan Agundi, Ƙofar Na'isa, Gadon Ƙaya har zuwa Kabuga. Nan ne layin ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Duk da gine-gine sun cinye wurare da dama, za ka ga yadda layin yake lanƙwasa yana zagaye tsohon gari. Ka yi haka da birnin Zariya ma. Da zarar idonka ya gane siffar, sai ka koma yankinku.

Ga abubuwan da za ka riƙa nema:

1. Layi mai zagaye ko mai lanƙwasa a kewayen gari ko a tsakiyar gonaki. Iyakar gona yawanci miƙaƙƙiya ce, saboda haka zagayayyen layi na iya zama ragowar ganuwa ko ramin da aka haƙa a bayanta.

2. Tarin manyan itatuwa, musamman kuka, a wurin da babu gidaje yanzu. Kuka na daɗewa ƙwarai, kuma sau da yawa tana tsaye a inda mutane suka taɓa zama. Irin wannan wurin ne muke kira kufai.

3. Fako ko dutse mai launin toka a tsakiyar ƙasar noma. Irin waɗannan ne ke ba ka wurin hangen nesa da yamma.

4. Bakin rafi ko tafki da hanyar ƙafa ta isa gare shi.

Manhajar Google Earth tana da ƙarin abu ɗaya: tana ba ka damar komawa tsofaffin hotunan wuri na shekarun baya. Hoton rani, bayan an cire amfanin gona, ya fi nuna alamun gini. Hoton damina kuwa shi ke gaya maka inda ya fi kore da kyan gani.

Mataki na biyu: karanta sunayen garuruwa

Sunan wuri shi kansa bayani ne. Kafi shinge ne na itace da ake kewaye gari da shi don tsaro, shi ya sa suna irin Kafin Dabga a ƙaramar hukumar Ƙaraye ya isa ya sa ka yi tambaya. Haka duk inda ka ga Tsohon Gari, Kufai, Birni, Marina, Maƙera ko Dutsen wani abu. A nan Rogo ma, kasancewar akwai Rogo Ruma akwai kuma Rogo Sabon Gari ya isa ya sa yaro mai son sani ya tambayi manya yadda aka yi garin ya zama haka.

Sai dai ka yi hattara da sunaye masu kama da juna. Akwai mazaɓar Falgore a ƙaramar hukumar Rogo, akwai kuma Dajin Falgore da ke kudancin jihar Kano a kan hanyar Jos. Wurare ne biyu daban masu nisa da juna, amma idan ka rubuta sunan kawai, manhajar na iya jefa ka wanda ba shi kake nufi ba. Sannan yawancin taswirori ba sa amfani da haruffanmu masu lanƙwasa. Idan ka rubuta Ƙaraye ba ka samu ba, rubuta Karaye.

Me ke akwai a Ƙaraye da Rogo?

Babban abin kallo a yankin nan shi ne dam ɗin Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya gina shi tsakanin 1990 da 1992 a kan kogin Challawa. Tsayin bangonsa mita 42 ne, tsawonsa kuma kilomita 7.8, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Idan ka duba shi daga sama za ka ga ruwan ya yi rassa ya shiga kwaruruka da yawa. Wannan na nufin akwai gaɓa mai tsawo, da ƙauyukan masunta, da wuraren da za ka zauna ka kalli jiragen kwale-kwale da faɗuwar rana ba tare da ka je bakin ƙofofin dam ɗin ba. Akwai kuma dam ɗin Kusalla kusa da garin Ƙaraye, wanda bai kai Challawa girma ba amma ya fi sauƙin zuwa ga wanda ke cikin gari.

Ta fuskar tarihi, Ƙaraye tsohon gari ne. Littafin tarihin sarakunan Kano da aka fi sani da Kano Chronicle ya ambace ta a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623, a matsayin inda Wambai Giwa ya zauna yana yaƙi da Katsinawa. Ka ga garin da ya yi zaman bakin daga shekaru ɗari huɗu da suka wuce ba zai rasa labari ba. Rogo kuwa tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, wato tana wurin da ƙasashen Kano, Katsina da Zazzau suka haɗu. Yanki irin wannan shi ne ya fi dacewa a nemi alamun tsofaffin garuruwan tsaro a cikinsa.

Mataki na uku: tambayi masu gari

Hoton sama zato kawai yake ba ka. Na taɓa ganin wani zagayayyen layi a taswira, na ɗauki babur na tafi cike da murna, ina zuwa na tarar ashe ramin da ake ɗibar ƙasar bulo ne. Wani dattijo da na tarar a gindin bishiya ya yi mini dariya, sannan ya nuna mini wata hanya daban, ya ce idan kufai nake nema can yake. A wurin da ya nuna mini, taswirar ba ta nuna komai ba sai gona.

Saboda haka idan ka isa ƙauye, fara da gidan mai unguwa ko dagaci. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka. Tambayoyi irin su "Baba, ina mutanen garin nan suka fara zama?" ko "Ranka ya daɗe, garin nan ya taɓa yin ganuwa?" sun fi amfani a kan ka ce kana neman wurin yawon buɗe ido. Idan za ka naɗi muryarsa a waya, nemi izini tukuna. Babu kuɗin shiga a irin waɗannan wuraren, amma kuɗin mai na kanka ne, kuma ɗan goro ga wanda ya bar aikinsa ya raka ka ladabi ne.

Mataki na huɗu: shirya wayarka don inda babu sabis

Mutane da yawa ba su san cewa GPS ba ya buƙatar data ba. Wayarka kai tsaye take karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam ta lissafa inda kake, kuma a fili kuskurenta bai cika wuce 'yan mitoci ba. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar da ake ɗora ɗigon a kai. Don haka kafin ka bar gida:

A Google Maps, danna hotonka da ke sama, ka shiga Offline maps, ka zaɓi yankin ka sauke. Amma ka sani wannan ba ya haɗawa da hoton tauraron ɗan'adam, sai ka ɗauki hoton fuskar wayarka na wuraren da ka yi wa alama.

Ka sauke Organic Maps ko OsmAnd. Dukansu suna amfani da bayanan OpenStreetMap, taswirar da aka fara a 2004 wadda 'yan sa-kai ke zanawa, kuma suna aiki ba tare da intanet ba. A wasu wuraren sukan nuna hanyoyin ƙafa da Google bai nuna ba.

Ka koyi ajiye lambobin wuri. Idan ka danna wuri a taswira ka riƙe yatsanka, wasu lambobi biyu za su fito. Garin Ƙaraye, misali, yana wajen 11.78 da 8.01. Ta farko nisa ne daga tsakiyar duniya zuwa arewa, ta biyu zuwa gabas. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, saboda haka lamba biyu bayan ɗigo za ta kai ka gari ne kawai. Idan kana son ainihin gindin bishiyar, ajiye lamba biyar bayan ɗigo.

Ka cika caji, ka riƙe fawa banki, domin GPS da hasken fuskar waya a cikin rana suna shan batir sosai.

Lafiyarka ta fi hoto

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin da za ka dawo, kuma idan akwai sabis ka tura masa wurin da kake kai tsaye ta WhatsApp, wanda ke iya bin ka har awa 8. Halin tsaro a yankunan iyaka yana canzawa, kuma babu manhajar da za ta gaya maka halin da hanya ke ciki yau. Tambayi 'yan acaɓa da direbobin tasha da safiyar ranar. Idan suka ce kada a bi, ka haƙura. Ka fita da wuri, ka dawo kafin magariba.

A bakin dam, kada kyan ruwa ya ja ka ka shiga wanka. Zurfinsa na iya canzawa a taku ɗaya, sannan ruwan da ke kwance a yankinmu yana iya ɗauke da cutar tsargiya. Bangon dam da ƙofofinsa kayan gwamnati ne, sai ka nemi izinin ma'aikata kafin ka hau ko ka ɗauki hoto. A kufai da kan duwatsu kuwa ka sa takalmi rufaffe saboda maciji da kunama.

Ka ɗauki hoto, ka bar kayan a wurinsu

Idan ka ga tsingaro, ko kashin maƙera, ko tsohon dutsen niƙa, ɗauki hotonsa ka bar shi inda yake. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana haƙa neman kayan tarihi ba da izini ba. Dalilin a fili yake: masu haƙan ɓoye sun lalata wurare da dama na al'adar Nok a kudancin Kaduna, sun sayar da kayan zuwa ƙasashen waje, bayanin da ke tattare da wuraren ya tafi har abada.

A nan ne wayarka za ta iya yin ɓarna ba ka sani ba. Idan ka kunna alamar wuri a kyamararka, kowane hoto yana ɗauke da lambobin inda aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil ɗin. WhatsApp yana cire wannan bayanin idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin fayil yana tafiya da shi. Don wurin shaƙatawa kamar bakin ruwa ko kan dutse, babu laifi ka raba lambobin. Don kufai ko tsohuwar maƙabarta, ka ambaci sunan yankin kawai, ka bar ainihin wurin tsakaninka da masu gari.

Abin da ya sa nake ganin aikin nan na gaggawa ne: ganuwar ƙasa tana zaizayewa duk damina, ana ɗibar ta don gini, garma na bi ta kanta, dattawan da suka san sunayen ƙofofi da labarin wuraren kuma suna ta raguwa. Hoton da ka ɗauka bana zai iya zama shi kaɗai ne shaidar da ta rage nan da shekara goma. Kana iya ɗora shi kyauta a Wikimedia Commons, ka rubuta bayaninsa a Wikipedia ta Hausa, ko ka ƙara sunan dutsen garinku a OpenStreetMap. Akwai ma gasar hotuna ta Wiki Loves Monuments don wuraren tarihi da Wiki Loves Earth don wuraren halitta, kuma ana shiga daga Najeriya.

Ka fara da abu ƙarami a wannan makon. Buɗe hoton sama na garinku, ka yi wa wurare uku alama a cikin tazarar kilomita 10, sannan ka je wurin dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwarku ka nuna masa su a wayar kafin ka zuba mai a babur.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu ga yadda ake ƙara suna da hanya a OpenStreetMap daga waya.