HOTON MAJIGI DA YA KOMA ZANEN FENTI

Malamai da akawuna sun san cewa abin da muke gani yana motsi a majigi hotuna ne tsayayyu, ana jera 24 cikin daƙiƙa guda har ido ya ruɗu. To, yanzu akwai wata hikima, watau a ɗauki mutane da kyamara, sa'an nan a mai da kowane hoto kamar da buroshi aka zana shi.

Wuyar aikin kuwa ita ce daidaita hannu. In aka zana kowane hoto dabam, shafin buroshin da ke kan kuncin mutum a hoto na fari ba zai faɗi wuri ɗaya a na biyu ba. Da an kunna sai fuska ta riƙa ɓarɓarniya kamar ruwa na tafasa, idon mai kallo ya gaji. Maɗinkin hula ya san wannan, gama in zare ɗaya ya kauce layi, duk adon ya ɓaci.

Hanya ta fari ita ce haƙuri. A 2017 aka fito da fim mai suna Loving Vincent, labarin Vincent van Gogh, mai zane mutumin Holan da ya rasu a 1890. An fara ɗaukar 'yan wasa, kana masu zane 125, yawancin aikin a ƙasar Polan, suka zana hotuna wajen 65,000 da fentin mai, 12 ga kowace daƙiƙa. Kafin su soma sai da aka horar da su, hannunsu ya zama ɗaya.

Hanya ta biyu ta kwamfuta ce. A 1997 Peter Litwinowicz ya nuna yadda na'ura za ta bi sawun kowane ɗigo daga hoto zuwa hoto, ta ja shafin buroshi ya bi shi, kamar an manna a jikin abin da ke motsi. A 2019 masana a birnin Prag suka fito da EbSynth. Mutum zai zana hoto guda da hannunsa, ita kuwa ta shimfiɗa salon a kan sauran. In ɗan wasa ya juya ƙeya, sai a zana mata wani sabo, domin ba ta san abin da ba a nuna mata ba.

Nan ne maganar ta shafe mu. Na'ura salon da aka ba ta take kwaikwayo. Kano garin fim ne, kuma muna da dagi, da aska takwas, da zayyana, da adon magina a jikin soraye. Labari ma muna da shi: ga Gidan Mambayya a Gwammaja, inda Malam Aminu Kano ya zauna har ya rasu a 1983. Amma in yaranmu ba su iya zane ba, labarin nan da tufar wasu zai fito, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Saboda haka muna roƙon malamai kada su mai da darasin zane lokacin hutawa. A sa yaro ya zana tulu guda sau goma, yana ɗan karkata shi kowane karo, kaurin layinsa bai sake ba. Wanda ya iya wannan, lalle ya riƙe tushen sana'ar.