Sayen Tarakta ta Farko: Jagora ga Sabon Mai Gona a Ƙasar Katagum

Gabatarwa

A kowace shekara ana samun ma'aikatan da suka yi ritaya da 'yan kasuwa da matasan da suka ci gado suna mallakar gonaki a kewayen Azare, Madara, Chinade da garin Katagum. Da yawansu abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne sayen tarakta. Ya kai manomi, kafin ka fitar da kuɗinka, ka sani cewa tarakta ba ta biyan kuɗinta da girman jikinta, sai da yawan awoyin da ta yi tana aiki. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin tarakta da kayan gyaranta ya yi tashin gwauron zabo, don haka kuskure a wannan ciniki na iya cinye jarin gonar gaba ɗaya.

Fara da lissafin aiki

Tarakta mai ƙarfin doki 60 zuwa 75 tana kaftun hekta ɗaya da garma mai faifai uku cikin awa uku ko kusa da haka. Haro da huɗa kuwa kowannensu bai cika wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ke nan mai hekta 10 zai gama gyaran gonarsa cikin awa 50 zuwa 60. Masana injinan noma kuwa suna ƙiyasta cewa sai tarakta ta yi awa 800 zuwa 1,000 a shekara sannan take riƙe kanta yadda ya kamata. Tambayar da za ka amsa ita ce: ina sauran awoyin za su fito?

Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma kowa yana neman tarakta ne a makonni kaɗan na farkon ruwa. Saboda haka dole ka tanadi aikin rani: gyaran fadamun kogin Jama'are don shinkafa da alkama, jigilar amfanin gona da takin gargajiya da tirela, da juya injin sussuka. In ba ka da tabbacin waɗannan ayyuka, ga hanyoyin da suka fi maka sauƙi:

1. Ɗaukar hayar tarakta na shekara biyu ko uku, har ka san halin gonarka.
2. Garmar shanu, wadda ta wadatar ga hekta 5 ko ƙasa da haka, ga taki ga ribar kiwo.
3. Ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu, wadda ta dace da fadamar shinkafa.
4. Haɗa kuɗi a ƙungiyar manoma, tare da rubuta yarjejeniyar layin aiki da kuɗin gyara.

Dubi ƙasar gonarka

Yawancin gonakin tudu na ƙasar Katagum jigawa ce mai rairayi, inda ake noma gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi. Irin wannan ƙasa ba ta buƙatar kaftu mai zurfi kowace shekara. Yawan kaftu yana sa iska da ruwa su kwashe ta. Haro da huɗa sun isa, kuma tarakta mai ja da ƙafafun baya kaɗai za ta yi aikin. Ƙasar fadama mai laka kuwa ta fi son wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Kafin tarakta ta shiga, a tone kututture da saiwoyi, domin su ne ke fasa taya da karya faifai. Amma kada a sare gawo da sauran itatuwa masu amfani. A bar su a riƙa kewaye su.

Sabuwa ko ta hannu?

Mafi kyawun tarakta ita ce wadda makanikenka ya sani, kuma kayan gyaranta suke samuwa a Azare, Bauchi ko Kano. Taraktocin da ke yashe a garuruwanmu, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, yawancinsu rashin wani ɗan ƙarfe ne ya kwantar da su. In sabuwa ce, ka nemi garanti a rubuce, ka kuma tambaya ko Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa da ke Ilorin ta gwada irinta. In ta hannu ce, tafi da makanike amintacce ku duba waɗannan:

1. A tayar da ita da sanyin safiya tun injin bai ɗumi ba. Shuɗin hayaƙi alama ce tana shan baƙin mai.
2. A duba ko ruwa ya gauraya da baƙin mai, da ko lagireto na yoyo.
3. A ɗaga garma sama a kashe injin. In ta sauko da sauri, haidirolik ya gaji.
4. A gwada ta a gona da garma, ba a kan kwalta ba.
5. A tabbatar lambar inji ta dace da ta rasit da takardun kwastan.

Kuɗin da ba a gani

Kada ka zuba duk jarinka a kan tarakta tsirara. Ware kuɗin haro, garmar huɗa da tirela, da na dizal, domin kaftun hekta ɗaya na cin lita 15 zuwa 20. Ware na rumfa da albashin direba. Direba marar horo yana iya kashe sabuwar tarakta a damina guda. A riƙa share matatar iska kullum lokacin ƙura, a canza baƙin mai bisa awoyin da littafin kamfani ya faɗa. A hana ɗaukar mutane, musamman yara, a gefen direba. In bashi za ka ci, ka nemi a daidaita biya da lokacin kaka.

Kammalawa

Gaggawa aikin shaiɗan ce. Rubuta hektocinka, da na maƙwabtan da suka yi alkawarin haya, da ayyukan rani, ka haɗa awoyinsu. Sa'an nan ka kai lissafin ga malamin gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi mafi kusa da kai, ku duba tare kafin ka biya ko sisin kwabo.