Daga akwatin kuɗin ƙarfe zuwa wayar aljihu: wasannin bidiyo da cinikin da ke bayansu

Duk wanda ya ratsa unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa da maraice, ba zai rasa ganin wani shago da samari suka cika maƙil ba, idanunsu a kan tele, hannuwansu riƙe da maneti, suna buga ƙwallon da babu ƙura babu gumi. Iyaye da yawa suna ɗaukar abin a matsayin shiririta da ɓarnar kuɗi, samari kuwa suna ganin babu abin da ya fi shi daɗi. Sai dai a bayan wannan wasa akwai wata babbar sana'a da ta haura shekara 50, wadda ta azurta wasu kamfanoni, ta kuma durƙusar da wasu. In aka bi tarihinta daki-daki, za a tarar cewa wasan da jama'a suka fi so a kowane zamani yana da dangantaka da hanyar da ake karɓar kuɗi daga hannunsu.

Zamanin zuba kuɗin ƙarfe

A shekarar 1972 ne Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari a jihar Kalifoniya ta Amurka. Injiniyansu Allan Alcorn ya harhaɗa wani akwati da allon tele a cikinsa, aka sa masa suna Pong. Wasan bai wuce sanduna biyu da ɗigo guda mai kai da komo a tsakaninsu ba. Aka ajiye shi a wata mashaya ta garin Sunnyvale don gwaji. Ba a daɗe ba mai wurin ya aiko cewa akwatin ya lalace. Da Alcorn ya zo ya buɗe, sai ya tarar kuɗin ƙarfe ne suka cika mazubin har suka toshe shi.

Daga nan ƙa'idar wannan zamani ta fito fili: wasa ya zama mai sauƙin koyo, domin baƙo ya yarda ya jefa kuɗinsa, ya kuma zama mai wuyar ci, domin ya ƙare cikin ƴan mintoci wani ya karɓi wurin. Babu wasan da ya cika wannan sharaɗi kamar Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙiro wa kamfanin Taito na Japan a 1978. Dodanni 55 ne ke saukowa daga sama sahu-sahu, mai wasa yana harbinsu. Na'urar ba ta da ƙarfi sosai, saboda haka duk lokacin da dodannin suka ragu sai aikinta ya yi sauƙi, sauran su ƙara gudu. Nishikado ya ga wannan rauni yana ƙara wa wasan armashi, sai ya bar shi yadda yake.

A 1980 kamfanin Namco ya fito da Pac-Man. Mai tsara shi, Toru Iwatani, ya lura cewa gidajen wasa sun zama dandalin maza da harbe-harbe, sai ya nemi abin da zai jawo mata su ma: wani rawayen baki mai cin ɗigo a cikin lunguna, fatalwa huɗu suna farautarsa, kowace da irin halinta. Wasan yana cijewa a mataki na 256, inda rabin allo ke dagulewa saboda ma'aunin lissafin na'urar ya cika, kuma iyakar makin da za a iya samu shi ne 3,333,360.

Ganin kasuwa ta yi kyau, sai kowa ya kawo kaya

Atari ya shigar da wasan cikin gidaje a 1977 da wani ƙaramin akwati da ake jonawa da tele, wanda daga baya aka sani da Atari 2600. Yanzu ciniki ya sauya: a sayi akwati sau ɗaya, a yi ta sayen kaset. Ganin riba, sai kamfanoni barkatai suka shigo, kowa yana fitar da kaset ba tare da kula da inganci ba. Atari da kansa ya faɗa wannan rami a 1982, lokacin da ya sa aka haɗa wasan E.T. cikin mako biyar da ƴan kwanaki don ya riski cinikin Kirsimeti. Masu saye suka yi ta maido da kaya, kantuna suka karya farashi, amincewar jama'a ta zube. A 1983 Atari ya yi asarar fiye da dalar Amurka miliyan 500, har ya kwashi dubban ɗaruruwan kaset ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Mutane da dama sun ɗauki labarin a matsayin tatsuniya, sai a 2014 da aka tona wurin aka same su.

Wanda ya tayar da kasuwar daga suma shi ne Nintendo, wani tsohon kamfani na birnin Kyoto da aka kafa tun 1889 don buga karta. Ya fitar da akwatinsa Famicom a Japan a 1983, ya kai shi Amurka a 1985 da sunan NES. Ya koyi darasi daga faɗuwar Atari: ya sa makulli a cikin akwatin yadda kaset ɗin da bai amince da shi ba ba zai yi aiki ba, ya riƙe aikin ƙera kaset a hannunsa, ya kuma ƙayyade wa kowane kamfani wasa biyar kacal a shekara a kasuwar Amurka. Tauraronsa shi ne Super Mario Bros. na 1985, aikin Shigeru Miyamoto, wanda aka sayar da fiye da miliyan 40. Hular Mario da gashin bakinsa ma talaucin na'ura ne ya haife su, domin zana suma da baki da ƴan ɗigogi kaɗan abu ne mai wuya.

Yawancin yaran Afirka ta Yamma ba da akwatin Nintendo na asali suka san Mario ba. Kwaikwayonsa ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin ya cika kasuwanni, tare da kaset mai alkawarin ɗaruruwan wasanni, alhali ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban-daban. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ƙara nesanta kayan asali daga aljihun ma'aikaci.

Wanda ya yi noma da wanda ya ci amfani

Labarin Tetris abin tunani ne ga duk mai aikin gwamnati. A tsakiyar shekarun 1980, Alexey Pajitnov, ma'aikaci a cibiyar lissafi ta Majalisar Masana Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet a Mosko, ya ƙirƙiro wasa mai siffofi bakwai, kowace da murabba'i huɗu, suna faɗowa daga sama ana jera su. Da yake da kayan hukuma aka yi shi, haƙƙinsa ya zama na hukuma. A 1989 wani ɗan kasuwa, Henk Rogers, ya je Mosko ya samo izinin sa wasan a Game Boy, ƙaramar na'urar hannu ta Nintendo, aka sayar da kusan miliyan 35. Pajitnov bai fara cin ribar aikinsa ba sai a 1996, bayan Tarayyar Sobiyet ta wargaje, lokacin da ya kafa kamfani tare da Rogers.

Game Boy ɗin ma yana da nasa darasin. Allonsa ba shi da launi, abokin gasarsa Game Gear na kamfanin Sega kuwa yana da launi mai kyau, amma yana cinye batir shida cikin ƴan awoyi, alhali batir huɗu na Game Boy suna daɗewa ninki-ba-ninki. Masu saye suka zaɓi mai ƙarko da araha.

Faɗa, ƙwallo da faifai

A 1991 kamfanin Capcom ya dawo wa gidajen wasa da martabarsu da Street Fighter II, inda mutum biyu ke zaɓen gwanayensu cikin mayaƙa takwas su kara da juna, wanda aka kayar ya sake zuba kuɗi ko ya ba da wuri. Mortal Kombat na 1992 ya ƙara da jini da cire kai, abin da ya kai batun gaban Majalisar Dattawan Amurka a Disamban 1993. Sakamakon haka aka kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa a 1994. Turai ta kafa nata a 2003, mai suna PEGI, da lambobin 3, 7, 12, 16 da 18.

Sony ya shigo fagen ne da fushi. Ya yi yarjejeniya da Nintendo su haɗa na'ura mai faifai, amma a 1991 Nintendo ya juya masa baya ya koma wa Philips. Injiniya Ken Kutaragi ya shawo kan shugabanninsa su ci gaba su kaɗai, PlayStation ya fito a Disamban 1994. Faifai ya fi kaset ɗaukar kaya, ya kuma fi shi arahar bugawa nesa ba kusa ba. Aka sayar da akwati fiye da miliyan 100, magajinsa PlayStation 2 na shekarar 2000 kuma ya haura miliyan 150. A kan waɗannan akwatuna ne ƙwallon ƙafa ya zama sarkin wasanni a ƙasashenmu, ana ta gardama tsakanin masoya FIFA na kamfanin Electronic Arts, wanda ya fara a 1993, da masoya Pro Evolution Soccer na Konami. Mai shago ya sayi akwati ɗaya ko biyu, ya riƙa karɓar kuɗi a kan kowane wasa, wato tsarin Pong ne ya dawo da sabuwar riga.

Kwamfutar biro

Kwamfuta ta riga su duka, domin tun 1962 Steve Russell da abokansa na jami'ar MIT suka haɗa Spacewar! a kan wata na'ura da kuɗinta ya kai dalar Amurka 120,000. Da ƙananan kwamfutoci irin su Commodore 64 na 1982 da Amstrad CPC na 1984 suka shiga gidaje, sai aka samu wasannin zama da tunani, tun da babu mai jiran a tashi a ba shi wuri. A SimCity na Will Wright, wanda ya fito a 1989, mai wasa magajin gari ne: ya yanka haraji, ya shimfiɗa hanyoyi, ya kai lantarki, in ya tsawwala haraji mutane su ƙaura, in ya sassauta baitulmali ya bushe. A shekarar ce kuma Jordan Mechner ya fitar da Prince of Persia, bayan ya ɗauki hoton ƙanensa yana gudu da tsalle ya kwafi motsinsa. Doom na 1993 ya zo da dabarar ɗanɗano: kashin farko kyauta, mai son ci gaba ya biya.

Amma wasan da ya fi cin lokacin ma'aikata shi ne Solitaire, kartar mutum ɗaya da Microsoft ya sa cikin Windows 3.0 a 1990. Wani ɗalibi mai koyon aiki, Wes Cherry, shi ya rubuta shi, manufar kamfanin kuwa ita ce mutane su saba da jan linzamin kwamfuta. Sun saba, har sun zarce.

Kyautar da ba kyauta ba

Macijin nan na wayoyin Nokia, wanda ya fara fitowa a 1997, shi ne wasan bidiyo na farko ga ɗimbin mutanen da ba su taɓa riƙe maneti ba. A yau wayar hannu cike take da wasannin da ake ɗauka kyauta, sai mutum ya shiga ciki a fara sayar masa da makami, ko riga, ko ɗan wasa. Mafi hatsari shi ne akwatin sa'a, wanda ake biya ba tare da sanin abin da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin wannan caca ce. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, tana nufin wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya lalata masa karatu, aiki ko zaman iyali, yawanci na tsawon wata 12.

Akwatin Pong yana sallamar mai wasa da zarar kuɗinsa sun ƙare, wasan waya kuwa an gina shi ne don kada a tashi. Saboda haka ya kamata uba ya duba lambar shekarun da aka rubuta wa wasa, ya san ko ana sayen wani abu a cikinsa, ya kuma yanka wa yaro lokaci; mai shago shi ma ya hana ƴan lakkwal zama a lokacin karatu. Hani gaba ɗaya ba kasafai yake aiki ba, ga shi kuma sana'ar tana da ƙofa: a 2016 kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba, a birnin Yawunde na Kamaru, ya fitar da Aurion, wasan da ya ɗauko jigonsa daga al'adun Afirka ya sayar wa duniya. Ƙasar da ke da dara, da langa, da kokawa, da tarihin sarakuna, ba ta rasa abin da za ta zuba a allo ba. Abin da ya rage shi ne cikin samarin da ke layin jiran maneti a samu waɗanda za a koya wa yadda ake ƙera wasan.