Kalmar Dutse

Jama'a, a darasin yau za mu duba kalma guda wadda kullum mu ke faɗinta, watau dutse. In za mu rubuta ta, sai mu raba ta gaɓa biyu: du da tse. A lura, t da s in sun haɗu sauti guda su ke bayarwa, kamar a tsuntsu da tsintsiya. In duwatsun suna da yawa sai mu rubuta duwatsu.

Wannan kalma tamu ce tun kaka da kakanni. Ba mu aro ta daga Larabci ba, don Larabawa jabal su ke cewa. A Kano muna cewa dutse, amma mutanen Katsina da Sakkwato suna cewa dutsi. Shi ya sa a ke da garin Dutsi da Dutsin-ma a ƙasar Katsina, da Dogon Dutsi a Nijar. Dutse kuwa, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, daga duwatsun da ke kewaye da ita ta sami sunanta.

Abin lura shi ne, kalmar tana ɗaukar ƙarami da babba. Abin da yaro ke jifan tsuntsu da shi dutse ne. Abin da mata ke niƙa a kai dutse ne. Wanda a ke goge riga da shi dutsen guga ne, ko da ya ke na ƙarfe ne. Sa'an nan Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, wanda ya fi kowane tsawo a Afirka, mita 5,895, shi ma dutse ne.

To, yaya mai karatu zai gane wanda a ke nufi? Sai ya duba kalmomin da ke kusa. A misali, ga lebura a Ɗorayi, yana aiki a masana'antar Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ya tara kuɗi zai yi gini. Magini ya rubuto masa, "A kawo dutse mota ɗaya." In bai tambaya ba ko manya a ke so na harsashi ko ƙanana na kankare, sai ya saye abin da ba shi ba, guminsa ya tafi a banza. Don haka Hausa ta tanadi waɗansu kalmomi: tsakuwa ita ce ƙanana, fa shi ne shimfiɗaɗɗe, tudu ƙasa ce mai bisa, tsauni kuwa shi ne wanda a ke hawa.

Mu mutanen Kano ba sai an kai mu nesa ba. Ga Dutsen Dala, ga Goron Dutse. Tarihi ya ce Dala sunan mutumin da ya zauna a wurin ne, Barbushe kuwa daga zuriyarsa ya ke. Tun kafin zuwan Bagauda a 999 mutane ke zaune a gindinsa suna narka tama, suna fid da ƙarfe. Watau a gindin dutse Kano ta tsiro. Saboda haka kada mu haƙe gefensa, kada mu zuba masa shara, don in ya zaizaye ba mai iya gina wani.

Kalmar ta shiga karin magana ma. Mukan ce, dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba, watau mai wadata bai san halin matalauci ba. Mukan kuma ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wannan na biyu namu ne, mu da muka fara karatu da furfura.

Tambayoyi
1. Gaɓa nawa ke cikin kalmar dutse?
2. Mene ne bambancin tudu da tsauni?
3. Rubuta sunan gari uku masu dutse a sunansu.