BASHI A ƘASAR LAFIYA: YADDA AKE NEMAN RANGWAME TUN ZANCE BAI KAI GABAN ALƘALI BA

Daga Wakilinmu na Arewa, Lafiya

Duk ɗan Arewa da ke cin kasuwar Mile 12 a Ikko, ko ta Bodija a Badun, ya san manyan motocin doya da ke tasowa daga Lafiya da Agyaragu, da buhunan riɗi da agushi na ƙasar Doma. Abin da ba kowa ke kula da shi ba shi ne, da yawa daga cikin kayan nan da bashi aka noma su, da bashi aka ɗora su a mota, kuma da bashi ake sallamar su a Kudu. Manomi ya karɓi kuɗin taki a hannun ɗan kasuwa tun da bazara, a kan zai biya da kaya idan kaka ta yi. Shi ɗan kasuwan ya ranto a banki ko a wurin maigidansa. Dillali a Ikko ya karɓi kaya, sai ya sayar zai aiko da kuɗi. Mutum ɗaya ya kasa, to, duk wanda ke riƙe da igiyar sai ya ji a jikinsa.

Shekarun baya-bayan nan kuwa sun jijjiga igiyar ƙwarai. A 2022 Kogin Binuwai ya yi ambaliya ya cinye gonaki a kudancin Jihar Nasarawa, har da babbar gonar shinkafa ta kamfanin Olam da ke Rukubi, balle ta talaka mai eka biyu. Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, takardar Naira ta ɓace daga kasuwa, manoma suka riƙa karyar da kaya don samun tsaba. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta da kanta, kuɗin mota da na taki suka yi tashin gwauron zabo. Wanda ya ci bashi da lissafin da, sai ya tarar lissafin yanzu zai biya da shi.

Ku da ke Kudu abin ya shafe ku ta fuska biyu. Ku ake buga wa waya daga gida a ce ana bin ƙanenku ko babanku, a taimaka a rufa asiri. Kuma ku ma kanku kuna da naku, na haya, na kaya, na wayar salula. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai ba duka hanjin ne iri ɗaya ba, kuma ba hanya ɗaya ake bi wajen lallashin kowane mai bin bashi ba.

BASHIN GWAMNATI

A Nuwamban 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, inda Babban Bankin Nijeriya ya riƙa ba ƙananan manoma rancen iri da taki da magani, su biya da amfanin gona ko da kuɗi. Manoman shinkafa na Jihar Nasarawa suna cikin waɗanda suka karɓa. Zuwa farkon 2023 abin da aka fitar a duk ƙasa ya haura Naira tiriliyan ɗaya. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka mayar, Babban Banki ya musa ya ce kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, aƙalla wajen rabin kuɗin da lokacin biyansu ya yi suna hannun jama'a a wancan lokaci. Haka nan rancen annobar korona na 2020, wanda aka raba ta hannun ƙaramin bankin NIRSAL.

Gaskiya ɗaya ce, mutane da yawa sun karɓi kuɗin nan da zaton rabon arziki ne, wai kasonsu ne na gwamnati. Wannan kuskure ne babba, kuma shi ya ja wa manomin kirki, wanda ruwa ya ci gonarsa, aka haɗa shi da maƙetaci aka yi musu kuɗin goro. Tun ran 1 ga Agusta, 2020, Babban Banki ya fito da tsarin da ake kira GSI. Ma'anarsa, idan ka sa hannu a takardar rance mai ɗauke da wannan izni sa'an nan ka ƙi biya, bankin da ke binka yana iya bin lambarka ta BVN ya zare kuɗinsa daga kowane asusu naka a kowane banki. Saboda haka ƙaura daga Lafiya zuwa Agege ko Shagamu ba ta ɓoye kowa. Amma fa a lura, abin da ƙa'idar ta yarda a zara ta wannan hanya shi ne uwar kuɗi da ruwan da aka yi yarjejeniya a kansa, ban da tarar jinkiri. Wanda aka zare masa fiye da haka yana da bakin magana.

Har wa yau, rancen Anchor Borrowers ya zo da inshorar gona, kuma daga cikin kuɗin rancen aka cire ladan inshorar. Manomin da ambaliya ta ci gonarsa, tambayar farko da ya kamata ya yi wa shugabannin ƙungiyarsa da bankinsa ita ce: an kai rahoton ɓarnar, kuma me aka biya a kanta? A tawa fahimtar, bai kamata a tasa mutum gaba da cikakken bashi ba alhali ba a amsa masa wannan tambaya ba.

KO ƘASA MA TA NEMI RAGI

Wasu suna ganin neman rangwame zubar da girma ne. To, su tuna da 2005. Ƙasashen nan masu arziki da ake kira Ƙungiyar Faris suna bin Nijeriya kimanin dala biliyan 30. Shugaba Olusegun Obasanjo da Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala suka yi ta zarya, har a watan Oktoba aka daidaita: an yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya kimanin biliyan 12, ta kammala a Afrilun 2006. Me ya sa masu bin bashin suka yarda? Domin an zo musu da kuɗi a hannu, daga rarar man fetur da aka tara, kuma sun ga gara su karɓi wannan yau da su yi shekara talatin suna jiran abin da ba zai zo ba.

Lissafin nan shi ne dai na mai shagon taki a kasuwar Lafiya, shi ne kuma na manajan banki. Alal misali, a ce ana bin mutum Naira dubu 600, a ciki dubu 400 ne uwar kuɗi, sauran ruwa ne da tara. Mai bin bashi ya san idan ya tafi kotu akwai kuɗin lauya, akwai ɗage shari'a, kuma ko ya yi nasara, wanda ba shi da komai ba a ƙwace masa komai. Idan wanda ake bi ya zo da ƙafarsa ya ce ga dubu 250 a hannu, sauran dubu 150 zan cika bayan an haƙe doya, ina roƙon a yafe ruwa da tara, to, zance ya sami gindin zama. Tara ita ce ta fi sauƙin yafewa, sai ruwa. Uwar kuɗi kuwa da wuya a taɓa ta, sai in an tabbata mutum ya karye ƙwarai.

A nan ne ku 'yan'uwa na Kudu kuka fi amfani, kuma a nan ne aka fi yin asara. Abin da aka saba shi ne a riƙa aiko da dubu goma yau, dubu biyar jibi, duk sa'ad da mai bashi ya ɗaga murya. Kuɗin nan ruwa ne ke shanye su, uwar kuɗi tana nan ba ta motsa ba. Gara 'yan'uwa su haɗa kai su tara abin da za su iya a dunƙule, kada a miƙa ko sisi sai an zauna an ji jimillar abin da ake bi, a rubuce, sa'an nan a yi tayi da abin da ke hannu. Kada kuma a yi alkawarin da ya fi ƙarfi don jin kunyar idon jama'a. Wanda ya saɓa alkawarin sulhu sau ɗaya, da wuya a sake saurarensa.

Kuma ba mai laifi ke zuwa shi kaɗai ba. Mu Hausawa mun daɗe da sanin haka. A Sabo ta Badun, tun zamanin Turawa, bashi ake ba mahauta Yarabawa shanun fatake, maigida ne ke tsayawa a tsakani, kuma girmansa shi ne jinginar. A Lafiya ma haka abin yake: shugaban 'yan kasuwa, ko limamin unguwa, ko mai unguwa, mutumin da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa. Garin da Sarkinsa, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne kafin ya hau gadon sarauta a 2019, ba ya rasa masu sanin yadda ake yanke magana. A Ikko kuwa akwai Cibiyar Sulhu ta gwamnatin jiha, wadda aka kafa a 1999, tana sasanta irin wannan rigima kyauta.

Akwai wani wuri da malamanmu na Malikiyya suke jan kunne, wanda masu karatun Risala sun san shi. Idan lokacin biyan bashi ya riga ya yi, mai shi ya ga dama ya yafe wani sashe ya karɓi saura, wannan sulhu ne mai kyau. Amma bashin da lokacinsa bai yi ba, a ce rage mini in biya ka tun yanzu, wannan a mazhabarmu ba a yarda da shi ba. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa kafin a shafa fatiha.

A RUBUTA

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, amma mu ne kan gaba wajen cewa ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba. Dokar da muka gada daga Ingila kuwa ba ta ɗauki biyan wani sashe a matsayin ya share saura haka kawai ba. Watau mutum yana iya karɓar dubu 400 ɗinka da murmushi, baɗi ya dawo neman cikon dubu 200, ko shi ko magadansa. Maganin abin takarda ce mai kwanan wata, da ke faɗin nawa ake bi, nawa aka yarda a karɓa, da cewa wannan shi ne biya na ƙarshe, da sa hannun shaidu. Idan banki ne, kada ka yarda da maganar bakin ma'aikaci komai kirkinsa, gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki. A ba ka wasiƙa a kan takardar bankin tun kafin ka biya, ka biya cikin asusun bankin ba hannun wani ba, bayan nan ka karɓi takardar shaidar ba a binka komai. Ka kuma nemi su gyara sunanka a ofisoshin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, don in ba haka ba duk bankin da ka je nan gaba zai gan ka a jerin waɗanda suka ƙi biya. Bankin da ya ƙi sauraron kokenka, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki yana karɓar ƙara.

Su kuwa masu ba da rance ta wayar salula, sha'aninsu daban ne. Rancen dubu goma na mako ɗaya ko biyu, da ruwa mai nauyi, ranar da ka makara sai a aika wa surukanka da maigidanka saƙo a ce kai ɓarawo ne. Samari 'yan acaba da masu gadi da yawa sun sha wannan wulaƙanci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikko a Maris na 2022, ta tilasta musu rajista, kuma a 2025 ta fito da sababbin ƙa'idoji masu tarar da ta kai Naira miliyan 100. Kamfanin Google ma tun ƙarshen Mayun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Wannan bai sauke maka bashin ba, abin da ka ranta sai ka biya. Amma ka adana saƙonnin cin mutuncin, domin hujja ce a gaban hukuma, kuma kamfanin da ya san ya taka doka ya fi saurin karɓar uwar kuɗinsa ya yi shiru. Babban ramin da za a kauce wa shi ne ranto daga wannan manhaja a biya waccan.

Saura zancen 'yan sanda, wanda ya fi tayar wa iyaye mata hankali a gida. Bashi ba laifin da ake tsare mutum a kansa ba ne. Dokar Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani, watau a tsare uba ko mata don ɗa ko miji ya gudu. Sai dai idan da yaudara a ciki, ko an ba da cek alhali ba kuɗi a asusu, wannan kam ya zama laifi.

Amma wanda ya sa hannu ya tsaya wa wani, dokar nan ba ta raba shi da biya. Ranar da mai rance ya kasa, kai ake nema, ko kana Lafiya ko kana Fatakwal. Don haka idan aka yi sulhu, a tabbata takardar ta ambaci sunan mai tsayawa, ta ce shi ma an sallame shi, a kuma mayar da duk abin da aka ajiye jingina, takardar fili ce ko ta babur, a wurin zaman nan kafin shaidu su watse.