Daga Abala zuwa ramin haƙar tarihi, ba tare da hawa mota ba

Ɗalibin da ke karatu a Abala ko Filinge ya sha jin cewa Nijar na cikin ƙasashen da suka fi arzikin ƙasusuwan dinozor a Afirka, amma da wuya ya taɓa ganin ko ɗaya. Gadufawa, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya tono dabbar da aka raɗa wa suna Ouranosaurus a shekarun 1960, tana can cikin Tenere. Gidan tarihi na Bubu Hama kuwa yana Yamai, kuma kowa ya san halin da hanyoyin Kurfai suke ciki saboda rashin tsaro.

Wata fasaha da gidajen tarihi na ƙasashen waje ke amfani da ita za ta iya rage wannan nisa. Ana ɗaukar ɗaruruwan hotunan ramin da ake haƙa ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da surarsa da tsawo da faɗi da zurfi. Wanda ya sanya tabarau na musamman, sai ya ga kamar yana tsaye a bakin ramin. Ya duƙa, ya ga ƙashin a inda ya kwanta.

Wannan kwanciyar ita ce abin da masana suka fi daraja. Da zarar an ɗaga ƙashi ko tukunya, an shafe shaidar abin da ke gefenta da irin ƙasar da ta rufe ta. Jihar Tillaberi ta ɗanɗana wannan asarar. A Bura, kusa da Tera, Boubé Gado na jami'ar Yamai ya haƙa wata tsohuwar maƙabarta a 1983, aka samu tuluna da mutum-mutumin yumɓu. Da labari ya bazu, masu haƙar sata suka afka wa yankin, kayan suka watsu a kasuwannin Turai ba tare da an san ramin da kowanne ya fito ba.

Sai dai tabarau na da tsada, ga matsalar wutar lantarki. Abin da ya fi dacewa da makarantun Kurfai shi ne a sa surar a wayar salula, wadda ake iya cajinta da hasken rana, a kuma yi bayanin da Hausa da Zabarmanci da Tamashek. Kafin nan, wajibi ne hukuma ta sharɗanta wa duk mai neman izinin haƙa ya bar kwafin hotunansa a Nijar.