Kufan Alƙalawa

Mai karatu, da kai ne Sarkin Zamfara, baƙi suka gangaro daga arewa suna roƙon wurin noma a bakin Gulbin Rima, za ka ba su? Zamfarawa dai sun bayar. Gobirawa suka sauka a gonakin Alƙalin Zamfara, suka yi ta ƙaruwa, har aka ƙulla auratayya, Sarki Maroki ya auri 'yar'uwar Sarkin Gobir Babari. Wa ke kwana da takobi don surukinsa?

Wajajen 1762 surukin nan ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Maroki ya tsere Kiyawa. A gonakin da aka ba su aro Babari ya ja ganuwa, ya kafa Alƙalawa, kusa da inda Sabon Birni yake a yau. Zamanin Bawa Jan Gwarzo kuwa, jin sunan birnin kaɗai ya isa ya hana sarakuna barci. Sai ga wani malami daga Degel.

Wajajen 1788, da Babbar Sallah, Bawa ya tara malamai a Magami yana rabon dukiya. Malamin nan, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ƙi karɓar zinariyar da aka miƙa masa. Abu biyar ya nema: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa, wanda ba a ɗaga wa murya, ya amince da duka. Jarumi ne, amma ya san abin da takobi ba ya sara. Magadansa fa?

Nafata ya hana rawani da lulluɓi. Ɗansa Yunfa, wanda ake cewa ya yi karatu a gaban Shehu, ya kira malamin nasa fadar Alƙalawa. An ruwaito cewa ya ɗaga bindiga ya saita shi, ya ja kunama, wutar ta dawo baya ta ƙona shi, Shehu na zaune ko gezau. Da kai ne Yunfa, ga ƙaurin albarushi a rigarka, ba za ka ajiye makami ka nemi gafara ba? Shi bai yi ba.

A Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke. Kada ka zaci Gobirawa sun faɗi da sauƙi. An kore su a Tafkin Kwatto, amma a Tsuntsuwa, dab da birnin, su da Abzinawa suka kashe kimanin mutum 2,000 na jama'ar Shehu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Sai a Oktoban 1808 rundunar Muhammadu Bello ɗan Shehu ta keta ganuwar, Yunfa ya mutu yana yaƙi. Duk rayuwar birnin ba ta wuce shekara hamsin ba.

Daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Ɗan Halima, wani ɗan sarautar Gobir, ya kafa Sabon Birni, Isa ta zama ribaɗin Sakkwato. Sarauta ba ta sake komawa Alƙalawa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, yau ma ƙauyukan Isa da Sabon Birni suna zama kufai, 'yan bindiga na korar mutane daga gonakinsu, har Sarkin Gobir, Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu a Agustan 2024. Hukuma ta dubi Allah ta tsare Gobir, mutanenta su koma gidajensu.